Akwalar da Ta Fi Sabuwa Tsada

Tun kafin in gama sallama na ga wasunku sun fara taɓe baki. Wai mutum da hankalinsa, ga aikin yi ga iyali, ya ɗebi kuɗin da za su saya masa sabuwar mota dal, ya nausa wani ƙauye a Ingila, ya sayo gwangwanin da kaji suka shekara ashirin suna saka ƙwai a cikinsa. Ya sa a jawo masa shi har gida, ya fitar da motar matarsa waje ruwa yana dukanta, ya shigar da gwangwani gareji ya ja ƙofa. Daga ranar sai dai a ji labarinsa. Asabar da Lahadi ƙafafunsa kaɗai ake gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Bayan shekara biyar, ko bakwai, ko goma, ya turo ƙofa ya fito da mota mai kujera biyu, ba esi, ba wurin ɗora buhun shinkafa, yana washe baki har kunne. Ku kuma kuna gefe kuna cewa, "Allah Ya raba mu da aikin wahala. Kuɗi ne suka yi wa Bature yawa."

To, ku gyara zama. Yau ni ne lauyan masu akwala, kuma ban karɓi ko kwabo a hannunsu ba, don duk wanda ya shiga wannan harka ba ya da sauran abin biyan lauya.

Mu fara ganin fuskar wadda ake ƙara, kada a yanke mata hukunci a bayan idonta. Sunanta Jaguar E-Type, haifaffiyar birnin Coventry, daga masana'antar Browns Lane. An fito da ita bainar jama'a a watan Maris na 1961, a bajekolin motoci na Janiba. Wanda ya fitar da siffarta, Malcolm Sayer, a kamfanin ƙera jiragen sama na Bristol ya yi aiki kafin ya zo Jaguar, kuma da lissafi ya zana lanƙwasar jikinta, yana neman yadda iska za ta zame ta wuce ba ta riƙe mota ba. Bonet ɗin kaɗai ya kusa cinye rabin tsawonta. A ƙarƙashinsa akwai inji mai silinda shida a jere, lita 3.8. Mujallar Autocar ta gwada ta, ta ce ta taɓa mil 150 a sa'a, wato kusan kilomita 240, ko da yake an ɗan yi wa motocin gwajin gata a masana'anta kafin a miƙa wa 'yan jarida. Kuɗinta fam 2,000 da 'yan kai, kusan rabin abin da ake sayar da Aston Martin DB4 a lokacin.

Ko zuwanta Janiba ma da gudu aka yi shi. Bob Berry, jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, shi ya kwana yana tuƙa ta farko, mai lamba 9600 HP, ya isa saura 'yan mintuna a buɗe taro. Da masu son a ɗana su suka yi yawa, sai mai kamfanin, Sir William Lyons, ya sa aka kira Coventry a aiko da wata. Direban gwaji Norman Dewis ya ajiye abin da yake yi, ya shiga mai buɗaɗɗen rufi, mai lamba 77 RW, ya bi ta Dover, jirgin ruwa ya tsallakar da shi Beljiyam, ya kwana a kan hanya, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, gari ya waye masa a Janiba. Dukansu biyun suna nan da ransu har yau. Daga 1961 zuwa tsakiyar shekarun 1970 an ƙera sama da 70,000, mafi yawansu Amurka suka tafi. A 1996 gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya ɗauki ɗaya ya ajiye cikin kayansa, tare da zane-zanen manyan masu zane. Ita ce kuke kira gwangwani.

Alhaji mai kalkuleta, na gan ka tun ɗazu kana danne-danne. Bismillah, faɗi. Ka ce in aka haɗa kuɗin sayen gangar jiki, da na kayan gyara, da na fenti, da na mai ɗinkin kujeru, da na mai walda, abin da aka kashe ya fi abin da za a samu in an sayar. Ranka ya daɗe, lissafinka bai yi ƙarya ba. Sau da yawa haka abin yake. A 2017 kamfanin Jaguar da kansa ya fara sayo tsofaffin E-Type yana farfaɗo da su yana sayarwa, farashin ya fara daga fam 285,000. Motar da aka sayar fam 2,000 tana sabuwa ke nan. Mafi yawan kuɗin nan ladan hannu ne, don aikin dubban sa'o'i yake ci. Akwai wata E-Type ta tsere da direban Jamus Peter Lindner ya yi haɗari da ita a filin Montlhéry na Faransa a 1964, ya rasu a sanadinsa, ta cukurkuɗe har aka ce ba mai iya miƙar da ita. Wani gareji a garin Bridgnorth, Classic Motor Cars, ya zauna a kanta sa'o'i 7,000, suna miƙar da asalin ƙarfenta guntu-guntu, suka fito da ita a 2011. Danna wannan a kalkuleta ka gani ko ba za ta yi zafi ba.

Mai yin nasa a gida kuwa yana da wata dabara ta kare kansa daga irin lissafinka: ba ya ƙirga lokacinsa, rasitai kuma yana da akwatin da yake zuba su, ba ya buɗewa, ba ya barin uwargida ta san inda makullin yake.

Na san labarin da ke sa idon irinku ya yi haske. A 2014 aka gano motoci kusan sittin a wata gona a yammacin Faransa, na wani ɗan kasuwar sufuri mai suna Roger Baillon, sun shekara da shekaru a ƙarƙashin rumfunan kwano. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California ta 1961 da aka jibge wa tulin tsofaffin mujallu a kai. Da aka yi gwanjonta a Paris a watan Fabrairu na 2015, sai da ta haura Yuro miliyan 16. Yanzu ka ajiye kalkuleta kana tambaya ko akwai sauran irin gonar nan. Sannu Alhaji, a bi a hankali. A ƙarshen shekarun 1980 masu irin wannan tunanin sun ranto kuɗin banki sun sayi tsofaffin motoci don su ajiye su yi tsada. Farkon shekarun 1990 kasuwar ta rufta, da yawa suka wayi gari da bashi da mota mai ɗigar da baƙin mai a tsakar gareji. Wanda ya shigo don riba, yawanci shi ake fara fitarwa.

Sai ka ce, to in ba riba, me ake nema? Kafin in amsa, dokin nan da ke turke a bayan gidanka fa? Shekara guda cur yana cin dawa da harawa da kanwa. Ga albashin yaron doki, ga magani, ga sirdi da linzami da likkafa da jalala, kowace shekara sai an sabunta wani abu. A hau shi da ƙaramar Sallah, a hau shi da babba, a mayar da shi turke. Bai taɓa kai ka Abuja ba, bai taɓa ɗauko yara daga makaranta ba. Ranar da ka fito a kansa aka yi maka kirari ka ɗaga hannu, ka tuna da kalkuleta? To a bar Bature da nasa.

Oga bakanike, kai kuma ka naɗe hannun riga kana cewa a kawo maka ita, sati biyu ta tashi. Ba raina maka hannu nake yi ba. Wanda ya iya tayar da tsohuwar Peugeot 504 da guntun waya da robar tiyub, ta ɗebi fasinja ta kai su ta dawo, gwani ne ko a gaban waye. Sai dai mutanen nan ba tashin kawai suke nema ba. So suke a mayar da mota yadda ta fito daga Browns Lane, har kalar wayar da ke bayan dashbod, wadda ba mai ganinta sai ɓera. Zo mu leƙa ƙasanta ka gani.

E-Type ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Daga gaban direba zuwa baya, bodin ne da kansa ke ɗauke da nauyin mota, injin kuma yana zaune a kan wasu siraran bututun ƙarfe da aka ɗaure a gaba. Ƙarfin bodin yana cikin wani dogon akwatin ƙarfe da ke kwance ƙarƙashin kowace ƙofa. A Ingila in sanyi ya zo ana watsa gishiri a titi don ƙanƙara ta narke. Taya ta watso ruwan gishirin, ya sami kafa ya shige akwatin nan, ya zauna, ya rasa hanyar fita. Tsatsa ta fara ci daga ciki. Kafin ƙurji ya fito a fenti, ta gama da ciki tuntuni. Shi ya sa mai wayo in zai duba irin motar nan yake tafiya da ɗan maganaɗisu a aljihu. Ya manna a gefen ƙofa, ya kama. Ya matsa ƙasa kaɗan, ya faɗo. Wurin nan ba ƙarfe, fila ce wani gwanin shekarun baya ya cusa ya goge ya fesa fenti a kai. In aka kankare, wani lokaci a tarar da ragar waya da dunƙulen tsohuwar jarida a bayan filar. Jaridar takan yi amfani guda: tana ɗauke da kwanan watan da aka yi ha'incin.

Ka ɗauko abin yanka za ka fara? Dakata, Oga. In ka yanke akwatunan nan ba ka tokare bodin ba, musamman a mai buɗaɗɗen rufi, tsakiyar motar za ta lotsa, ƙofofinta ba za su sake rufuwa daidai ba har abada. Sai an fara walda sandunan ƙarfe a gicciye a cikinta, a ɗaure ta a kan ma'auni, sannan a yanke ɓangare guda, a dasa sabo, a koma ɗaya ɓangaren. Mahaɗar ƙarfe da ƙarfe kuwa da dalma masana'anta ta cike su tun asali, kuma masu son asali da dalma suke maimaitawa. A goge wurin ya yi fes, a shafa masa kuza, a ɗumama sandar dalma da wuta har ta yi laushi ba ta kai ga zuba ba, a danna ta da ɗan faifan katako da aka tsoma a kitse don kada ya manne, a bi da magagari a hankali. Wuta ta yi yawa, dalma ta tsiyaye ƙasa, ƙarfen ma ya karkace. Ta yi kaɗan, ta ƙi kamawa. Ratar da ke tsakanin ƙofa da bodi kaɗai tana iya cin makonni: a ɗora ƙofa, a duba, a sauke, a rage, a sake ɗorawa. Sati biyunka sun ƙare, ko injin ba mu buɗe ba.

Ga sauran albishir. In za ka canza kuloci, sai ka sauke inji da giyabos gaba ɗaya. Birkin baya ba a jikin taya yake ba, an cusa shi can tsakiya kusa da difa, don haka canza faifansa yana nufin sauke duk ƙafafun baya a dunƙule. Notocinta da inci aka auna su, akwatin sifanunka na milimita sai dai ya zauna kallo. Giyar motocin farko, kafin 1964, in ba ka iya taka kuloci sau biyu ba, lamba ɗaya za ta yi maka ƙara duk unguwa ta ji.

Amma akwai wurin da na san za ka yi shiru ka matso, wato wajen kafireta. Uku ne a jere, ƙirar SU, kowace da ɗan murfi a ka da ake ɗiga wa mai. Dole su ja iska daidai wa daida, in ba haka ba injin ya yi ta rawa. Tsofaffin gwanaye ba su da wata na'ura. A cire abin tace iska, a kwance ɗaurin da ya haɗa su, a tayar da inji ya yi ɗumi. Mutum ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗaya bakin a bakin kafireta ta farko, ya saurari shuuu ɗin da take yi. Ya matsa ta biyu, ya ji tata ta fi kaifi, ya juya sukuru kaɗan, ya sake saurare. Ya je ta uku, ya dawo ta farko, don gyaran waccan ya taɓa wannan. Haka zai yi ta zagaye har muryoyin uku su zama ɗaya, rawar injin ta kwanta, sitiyari ya daina karkarwa. Oga, ka ga ka daina dariya. Ai na san kunnenka ya san wannan aikin.

Wayarin kuwa na kamfanin Lucas ne na Birmingham, wanda masu motocin Ingila suka yi wa laƙabi da Yariman Duhu. Suna tsokanarsa da cewa makunnin fitilarsa matsayi uku gare shi: dishi-dishi, ƙyafta-ƙyafta, da a kashe. In an bi diddigi, yawancin laifin na tsufa ne, mahaɗar waya ta yi tsatsa, rigar waya ta bushe ta tsage bayan shekara sittin. Amma ba a bari gaskiya ta ɓata zolaya mai daɗi, har masu kare Lucas ɗin ma da tocilan suke fita da dare.

Hajiya, ke ma na ji ƙorafinki, kuma kin fi kowa hujja. Kin ce da mijinki ne da tuni an yi ta ta ƙare. Matan Ingila sun riga ki gani. A buɗe firiza a tarar da ƙarfe a kusa da kaza, wai an sa shi ya yi sanyi ya tsuke don ya shiga gurbinsa. A kunna oba a ji warin fenti. Burushin haƙori ya ɓace, tawul mai kyau ya koma gareji bai dawo ba. Teburin cin abinci ya cika da ƙananan ledoji, kowace da notoci huɗu ko biyar da takardar da aka rubuta inda aka kwance su, kuma kaiconki in kika matsar da ɗaya. Duk na yarda. Amma ki duba ta wani gefen. Ƙarfe goma na dare kin san inda yake. Ba ya majalisa, ba ya yawon da za a kawo miki labari. In kina nemansa, ki leƙa gareji ki ja ƙafar da kika gani. Mata nawa ne za su iya faɗin haka? Kuma kada ki ɗauka maza kaɗai ke wannan ɗanyen aiki. Akwai matan da su ne ke ƙarƙashin motar, maigida ne ke neman burushinsa.

Ɗan samari mai sabuwar mota, kai kuma ka ce taka ta fi ta gudu, ta fi ta birki, ta fi ta shan mai kaɗan. Gaskiyarka. Ƙara da cewa E-Type ba ta da jakar iska mai tare mutum in an yi karo, zafin inji yana dafa ƙafafun direba, kuma dogon mutum sai ya naɗe kansa kafin ya shiga. Ƙasanta ya kusa taɓa titi, in ta haɗu da rami irin wanda ka sani, salansarta a can za ta kwana. Duk an ba ka. Yanzu buɗe bonet ɗin taka ka nuna min abu guda da za ka iya gyarawa. Murfin roba ne baƙi ya rufe komai. In fitila ta kama a dashbod, sai ka nemi mai kwamfuta ya tambaye ta abin da ke damunta, ya ce a cire wancan akwati a sa sabo. A tsohuwar kuwa komai a fili yake: ga inda mai ke bi, ga inda wuta ke bi, ga inda iska ke shiga. Mai haƙuri da littafi da sifana zai iya gane ta tun daga hanci har wutsiya. Wannan ganewar ita mutanen nan ke saye da kuɗinsu da shekarunsu. Motar kyauta ce da ke biyo baya, in ta biyo.

Littafin ma akwai labarinsa. A 1965 wani hafsan sojan saman Birtaniya, John Haynes, yana aiki a Aden, abokin aikinsa ya sayi tsohuwar Austin-Healey Sprite ya nemi ya taya shi gyara. Haynes ya ga littafin masana'anta ba don talaka aka rubuta shi ba, sai ya kwance motar yana ɗaukar hoton kowane mataki. A 1966 littafin ya fito, daga nan littattafan Haynes suka shiga gareji-gareji a duniya, kowane da tambarin yatsu na baƙin mai a shafin da ya fi ba mutane wuya.

Ka tambaya ina ake samun kayan motar da aka daina ƙerawa shekara hamsin da suka wuce. Nan ne za ka san mahaukatan suna da yawa, har sun ishi a kafa masana'antu dominsu. Kamfanin Martin Robey a Nuneaton yana buga sassan bodin E-Type sababbi. SNG Barratt a Bridgnorth yana sayar da kayanta har ƙananan robobi. Kafiretar SU har yau ana yin ta a Salisbury. Wanda aljihunsa bai kai Jaguar ba sai ya nemi MGB, wadda aka ƙera sama da rabin miliyan a Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga mata sabon bodi sukutum da ainihin injinan da aka buga na farko da su. Abin da ba a sake ƙerawa ba kuma sai a tafi Beaulieu, a kudancin Ingila, inda tun 1967 ake cin kasuwar tsofaffin kayan mota. Fili ne shimfiɗe da rumfuna, dattawa suna tsugune a gaban kwali suna tona tsatsa. Wani zai tsallako teku don marfin tankin mai guda. In ya dace da dattijon da ke da shi, yana iya samunsa da araha, amma sai ya biya da kunnensa: awa biyu ana ba shi tarihin marfin, da na motar da aka cire shi, da dalilin da ya sa na 1963 ya bambanta da na 1965.

Ta wannan hanya sana'o'in da suka kusa mutuwa suka sami masu gado. Mai lanƙwasa ƙarfe da hannu, mai ɗinka kujerar fata, mai ɗaure silin taya, mai gyaran agogon dashbod, duk akwai mai nemansu. A Bicester, wani tsohon sansanin sojan sama ya koma unguwar masu irin wannan aiki, har da makarantar koyar da matasa. Gwamnati ma ta sakar musu mara: a Birtaniya motar da ta haura shekara 40 ana iya yafe mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara.

Kada ku ɗauka kansu a haɗe yake. In kuna son dariya ta gaske, ku zauna kusa da su ku ji rigimar cikin gida. Akwai 'yan asali, waɗanda ke aika wa hukumar adana tarihin Jaguar lambar mota, a ba su takardar da ke nuna ranar da aka ƙera ta, da kalar da ta fito da ita, da lambar injinta. In lambar injin ba ta dace ba, sai a yi zaman makoki. Motocinsu a tirela ake kai su gasa, irin ta Pebble Beach a Kalifoniya, inda alƙalai ke durƙusawa suna leƙen ko maɗaurin tiyo na zamanin ne. Akwai 'yan a-hau-a-taka, masu cewa motar da ba ta gudu kujera ce mai tsada. Su ne ke cika filin tseren Goodwood kowace Satumba tun 1998, sanye da kayan kakanninsu, suna tsere da motocin miliyoyin fam har a goga wa juna ƙofa. Akwai masu cewa kada a taɓa komai, tsagewar fata da dusashewar fenti su ne tarihin, wanda ya sabunta ya goge shi. Sannan ga 'yan zamani da ke cire injin su sa na lantarki, irin wadda Yarima Harry da amaryarsa suka shiga a Windsor ranar bikinsu a watan Mayu na 2018. A wajen 'yan asali wannan ya fi tsatsa muni.

Akwai kuma tambayar da ba wanda ya warware. In ka canza bodi, ka canza inji, ka canza kujeru da wayarin, ka bar ɗan faifan lamba kaɗai, motar 1965 ce ko ta bana? Jaguar da kanta ta ƙara dagula lissafin. A 1963 ta yi niyyar ƙera E-Type 18 na tsere masu jikin alminiyam, ta yi 12 ta tsaya. A 2014 ta tuna akwai lambobi shida da ba a yi amfani da su ba, ta ƙera sababbi shida ta liƙa musu lambobin wancan zamani. Ku je ku raba musu gardama in kun isa.

Allah gafarta Malam, na ga ka yi gyaran murya, na kuma san kalmar da ke bakinka: almubazzaranci. Ba zan ja da kai ba a inda kake da gaskiya. Wanda ya bar gidansa ba cefane, ko ya ci bashin da ba zai iya biya ba saboda kafireta, ba lauyan da zai wanke shi, har ni. Kuma a gaya wa juna gaskiya, da yawa ba sa gamawa. Kwance mota kwana kaɗan ne, kowa gwani ne a nan. Mayar da ita ne ke tona asiri. Shi ya sa tallan "an fara, ba a gama ba" ba ya yankewa a mujallunsu: gangar jiki a kan jak, kwalaye goma sha, da rantsuwar cewa komai yana ciki. Ba a taɓa samun komai a ciki ba. Amma wanda ya yi da halalinsa, ya sauke nauyin gidansa, ya ɗauki abin da aka jefar ya mayar da shi mai amfani, ya koyi sana'a uku ko huɗu a hanya, ya ciyar da mai walda da mai fenti da baduku, Malam, a sassauta masa. Mai zubar da abu da ya ɗan samu matsala ya sayo sabo, shi ma a duba shafinsa.

Saura gargaɗi ɗaya, kuma naku ne, ba na Bature ba. Masu harkar nan sun san abokin cinikinsu tun daga nesa. Wanda ya ce "kai, ta yi kyau" ya wuce, ba ruwansa, ya tsira. Wanda suke sa wa ido shi ne mai tsayawa yana kushe: wannan ai ɓarnar kuɗi ce, nawa ma ka saye ta, kayanta suna samuwa kuwa, to in mutum ya sami wadda ba ta ruɓe sosai ba fa, MGB ɗin nan da ka ce, ita nawa take kaiwa? Alhaji, maganganun nan biyar daga bakinka suka fito, ina ji. Ba zan hana ka ba. In ka tashi, nemi wadda ta yi rayuwarta a busasshiyar ƙasa irin Arizona, ka ƙi duk wadda aka ce maka saura kaɗan a gama, ka tafi da Oga da maganaɗisu, ka kuma sanar da Hajiya tun kafin tirela ta tsaya a ƙofar gida. Kalkuletar kuwa ka bar wa yara, ba za ta ƙara yi maka amfani ba.